Babi na Bakwai: Bayan An Tuɓe Kaki

Maraɗi gari ne da yaƙi ya kafa. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya ga masu jihadi ne suka taru a bakin Gulbi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836. Daga waɗannan garuruwa biyu aka daɗe ana ɗaura sirdi ana kai hari kudu, tun zamanin Ɗan Baskore har zuwa na Ƙaura Hasau. Mutanen wannan yanki sun san jarumi farin sani. Jarumi a wurinsu shi ne wanda aka ga fitarsa aka ga komowarsa, makaɗa na biye da shi, abokan hawansa na ba da labarin abin da ya yi a fagen daga, ganima kuma a raba ta a idon jama'a.

Sojan da Faransa ta ɗauka bai samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya yi yaƙin da ba nasa ba, a ƙasar da babu wanda ya san sunan ubansa, ya dawo da takardun da ba mai iya karanta su a gidansu. Duk bajintar da ya yi a ƙetare ba ta da mai shaida a Maraɗi. In yana son suna a gida, dole ya sake gina shi tun daga tushe, a cikin iyalinsa da unguwarsa. Da yawa sun gina, kuma da wannan sunan na biyu aka binne su. A unguwa ba a cika kiran irin wannan dattijo da sunan yanka ba. Baba Soja ake cewa, ko Kofur, ko Saje, gwargwadon igiyar da ya tuɓe kaki da ita.

Yadda aka tafi

Tun daga 1919 Faransa ta ɗora wa samarin ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma aikin soja na shekara uku. Kumandan zai aiko wa sarki adadin da ake so, sarki ya raba wa masu gari, a tara samari a fili, likita ya buɗe baki ya duba haƙora, ya ƙwanƙwasa ƙirji, ya auna tsawo. Waɗanda aka ga lafiyarsu ƙalau sai a jefa musu ƙuri'a. Mai gari bai cika miƙa ɗan cikinsa ba. Maraya, ɗan talaka da wanda ba shi da mai tsaya masa su suka fi cika layi. Wanda ya ji ƙishin-ƙishin da wuri yakan sulale cikin dare ya nufi Jibiya ko Katsina, inda yake da dangi, tunda tafiyar ba ta da nisa ko da ƙafa.

Wannan kusanci da iyaka ya haifar da abin mamaki a Yaƙin Duniya na Biyu. Da Jamus ta ci Faransa a 1940, Nijar ta kasance a hannun gwamnatin Bishi mai ɗasawa da Jamus har zuwa Nuwamba 1942, alhali Najeriya tana tare da Ingila. Katsina da Maraɗi, masu kaka ɗaya da harshe ɗaya, suka wayi gari a ɓangarori biyu masu hararar juna. Hausawan kudu da suka shiga soja aka kai su dazuzzukan Bama su yaƙi Japan. Na arewa kuma aka sa musu jar hula, aka yi musu kuɗin goro da sunan sojojin Senegal, ko da mutum bai taɓa jin sunan Dakar ba sai ranar da aka kai shi tashar jirgin ruwa.

Waɗanda suka riski yaƙin 1940 a Faransa sun sha wuya: an kashe dubbai, an kama dubbai aka tsare su shekaru a sansanonin fursuna. Na bayansu suna cikin rundunar da ta sauka a gaɓar kudancin Faransa ranar 15 ga Agusta 1944, ta ƙwato birnin Tulon. Kafin sanyin wannan shekara ya kankama aka janye baƙaƙen sojoji daga fagen daga, aka karɓi makamansu da tufafinsu aka ba Turawa. Ranar 1 ga Disamba 1944 kuma, a barikin Caroy kusa da Dakar, aka buɗe wuta a kan tsofaffin fursunonin yaƙi da suka nemi a biya su haƙƙinsu kafin su watse. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. Masana tarihi da dama suna ganin sun kai ɗaruruwa.

Bayan nan ma ba a huta ba. Fanshon soja sai wanda ya cika shekara 15, saboda haka da yawa suka sake sa hannu, aka tura su Madagaska a 1947, ko Indoshin, yankin Biyetnam na yau, har zuwa 1954, ko Aljeriya daga 1954. Seyni Kunce, wanda daga baya ya mulki Nijar, ta wannan hanya ya bi: ya shiga sojan Faransa yana saurayi, ya yi Indoshin, ya yi Aljeriya.

Gidan da aka dawo aka tarar

Wanda ya dawo Maraɗi bayan babban yaƙi bai tarar da garin da ya bari ba. A daminar 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya rushe tsohon gari da ke cikin kwari, hukuma ta mayar da mutane kan tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu. A 1946 aka soke aikin tilas. Gyaɗa ta fara kawo kuɗi, 'yan kasuwar da za a sani daga baya da alhazan Maraɗi suka fara tasowa. Wasu sojojin sun tarar iyayensu sun rasu, gona ta koma hannun ɗan'uwa. Wasu sun tarar an daɗe da yi musu sadakar arba'in, matar ta yi takaba ta sake aure, har da goyo.

Abin da ya shigo da shi gida bai wuce akwatin ƙarfe ɗaya ba, kuma wannan akwati yakan rayu har bayan mai shi. Wanda ya taɓa ganin an buɗe irinsa ya san abin da ke ciki. A sama akwai tsohuwar rigar kaki a ninke, da ƙanshin maganin asu. A ƙarƙashinta lambobin yabo ne, ƙyallensu ya koɗe, an naɗe su cikin tsumma. Sai hoto guda na saurayi siriri, ya ƙame, hula ta ɗan karkace, wanda jikoki ke dariya su ce ba Baba ba ne. A can ƙasa, cikin leda biyu ko uku, akwai littafin soja: suna a rubuce yadda kunnen Bature ya ji shi, sunan ƙauye a karkace, wurin ranar haihuwa an sa "wajen shekara kaza", sai lamba. Dattijo kan manta shekarun 'ya'yansa, amma ka tashe shi tsakar dare zai karanto maka wannan lamba da Faransanci ba tuntuɓe.

Labarin yaƙi kuwa ba ya bayarwa sai gutsi-gutsi. Zai yi maka bayanin sanyin da ke sa yatsa ya mutu, da amai a jirgin ruwa, da shinkafar Indoshin. Abin da ya gani da wanda hannunsa ya aikata, wannan sai dai matarsa, wadda ta sha jin yana zabura cikin barci yana kiran sunayen da ba ta sani ba. A lokacin ba likitan da ake kai wa irin wannan ciwo. Malam ake nema ya yi rubutu, ko a je wa masu bori, waɗanda su ma tun shekarun 1920 iskokinsu suka ƙaru da masu kaki da fareti da tsawar kumandan.

Ba duka ne suka dawo mutanen kirki ba. Akwai wanda ya dawo da kwalba, akwai wanda ya dawo da zafin hannu. Faransa ta riƙa ba tsofaffin sojoji aikin gadi, masinja da dogarin kumandan, kuma talakan da aka ɗaure a rana saboda kuɗin haraji bai manta wanda ya riƙe bulalar ba. Shi ya sa da fari aka riƙa ɗari-ɗari da su. Wanda ya samu yardar mutane, da halinsa ya saye ta, shekara bisa shekara.

Daga gida ake fara gane shi. Kafin kiran assalatu ya tashi, tsakar gida a share, buta da tabarma kowace da mazauninta. Hatsin shekara a lissafe yake, ba a buɗe rumbu sai da saninsa. Yara na ƙorafin tsananinsa, amma ba su taɓa kwana da yunwa ba in dai akwai a gari. Gidansa kuma ba ya rabuwa da ƙarin baki: 'ya'yan ƙanen da ya rasu, gwaggon da ba ta haihu ba, yaron ƙauye da aka kawo karatu birni. Babban abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa shi ne boko. A zamanin da iyaye ke ɓoye yara a rumbu in an zo ɗaukar 'yan makaranta, shi da hannunsa yake kai nasa, wani lokaci har da mata, ba tare da ya cire su daga makarantar allo ba. Ya ga yadda mai alƙalami ke zaune a inuwa yana rubuta makomar mai bindiga, bai kuma so 'ya'yansa su tsaya a layin da ya tsaya ba. Malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da hafsoshin farko na Nijar da dama daga irin waɗannan gidaje suka fito.

Fanshon da aka daskarar

A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Jibo Bakari da jam'iyyar Sawaba suka nemi a ce a'a ga ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa. Tsohon soja ya san daga inda fanshonsa ke fitowa, kuma hakan ya yi nauyi a zuciyar da yawansu. Masu cewa i suka yi rinjaye. Shekara guda da 'yan watanni bayan haka, a Disamba 1959, majalisar Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci. Na Bafaranshe yana ƙaruwa yadda rayuwa ke tsada, na ɗan Afirka yana nan inda aka bar shi. Tamkar a auna maka mudun hatsi ranar ɗaurin aurenka ne, a ce shi za ka yi ta karɓa ko 'ya'yanka sun kai goma.

Haka aka tafi shekara arba'in. Sai a Nuwamba 2001 babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati a Faransa ta yanke hukunci a ƙarar Amadu Diop, wani tsohon saje ɗan Senegal, cewa wannan bambanci wariya ce. Shi kansa mai ƙarar ya riga ya rasu. A 2006 fim ɗin Indigènes ya tayar da maganar a idon duniya, aka gyara wani ɓangare daga 2007, ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai daga Janairu 2011. Saurayin da aka ɗauka a 1940 ya kai shekara casa'in a lokacin, in yana raye. Mafi yawansu ƙasa ta riga ta rufe musu ido.

Duk da ƙanƙantarsa, kuɗin ya yi aiki. Ba kowane wata ake biya ba, sai bayan watanni, kuma unguwa duka ta san ranar. Mai shago ya san za a share bashi, maƙwabciyar da ɗanta ke kwance ta san inda za ta samu kuɗin allura. A garin da kowa ke jiran kaka kafin ya ga kuɗi a dunƙule, mutumin da ke da abin da ke shigowa ko damina ta yi ko ba ta yi ba ya zama madogarar gidaje da yawa.

Aikin da ba a biya

A tsofaffin unguwannin Maraɗi irin su Bagalam, Mokoyo da 'Yan Daka, kowa ya san asalin kowa, kuma an san wanda ake kai wa ƙara. Amma garin ya yi ta kumbura: kimanin mutum dubu 45 a ƙidayar 1977, wajen dubu 110 a 1988, fiye da dubu 260 a 2012. Aka yi ta yankan sababbin unguwanni, cikinsu har da Zariya, inda ma'aikacin gwamnati, ɗan kasuwa, Bagobirin Tibiri da manomin da fari ya koro daga arewa suka zama maƙwabta ba tare da sun haɗa kaka ba. A irin wannan wuri ba a gadon girma. Wanda ke da amfani ga mutane shi ake tashi a ba wa tabarma.

A nan tsohon soja ya samu fagensa. Yana jin Faransancin bariki, ba ya rawar jiki gaban mai kaki ko mai tebur, ya san hatimi, ya san ƙofar da ake bi. Mace za ta yi sallama da takarda a hannu.

"Baba, wannan aka aiko daga ofishin magajin gari, ni ban san abin da ke ciki ba."

Zai juya takardar, ya kira jikansa ɗan makaranta ya karanta, ya gyaɗa kai. "Ba abin tsoro ba ne, 'yata. Ki shirya da sassafe, tare za mu je. Ki zo da katinki, kada ki ba kowa ko dala."

Kashegari zai sa wankakkiyar riga, ya tsaya da ita a layi har a gama, ya ƙi karɓar ko goro. Shi ke raka mai naƙuda asibiti cikin dare. Shi ke tsayawa a bakin famfo in layin bokitai ya rikice. In aka yi rasuwa, kafin a gama wanka ya riga ya tara samari da diga da shebur sun nufi maƙabarta. Kafin damina ya bi gida-gida a fito a yashe magudanar ruwa, domin mutumin Maraɗi ya san abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa.

Da Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, a tsakiyar yunwar babban fari, ya farfaɗo da samariya, ƙungiyar matasa ta gargajiya, ya mayar da ita hannun gwamnati a kowace unguwa da ƙauye. Tanja Mamadu, shi ma soja, ya riƙe jihar Maraɗi daga 1976 zuwa 1979. Samariya ta gina azuzuwa, ta share tituna, ta dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta. Akwai tilas a cikin abin, kuma gwamnati ta yi amfani da shi wajen sa ido a kan jama'a. Amma aikin gayya ya girmi kowace gwamnati a ƙasar Hausa, kuma gayya tana bukatar wanda zai ce ku goma ku ɗebo ruwa, ku goma ku kwaɓa ƙasa, a fara bayan sallar asuba. Dattijon da ya yi shekara 15 ana tsara shi a sahu ya iya tsara wasu. Haka a yunwar 1984, wadda mutanen Maraɗi suka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi: wurin rabon tsaba yana bukatar mutumin da in ya ce a bi layi za a bi, wanda kuma aka tabbata ba zai karkatar da buhu zuwa gidansa ba.

A Jiratawa, inda aka buɗe filin noman rani na kimanin hekta 500 a farkon shekarun 1980, komai ya rataya a kan kiyaye lokaci da amana. Inji ke jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse, kowane manomi da ranarsa da sa'arsa, kowa kuma da kuɗin da zai zuba wa ƙungiya bayan girbi. Mutum ɗaya ya buɗe ruwa ba a lokacinsa ba, zogale da tattasan maƙwabcinsa su yi yaushi, rigima ta tashi. A irin wannan wuri halin da bariki ya koya wa mutum yana da rana, muddin ya haɗa shi da haƙurin zama da mutane.

Shaida

Ranar da irin wannan dattijo ya cika, ba a busa masa begila. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya gyara sahu, babban ɗa ko ƙanen mamaci ya miƙe ya ce duk mai bin sa bashi ya zo ya faɗa, wanda ya saɓa wa kuma ya yafe masa. Daga nan sai shaida ta fara fitowa daga bakin mutanen da iyalin ma ba su san da su ba. Wani ya ce shi ya tsaya masa har ya samu takardar filinsa. Wata ta aiko daga cikin gida cewa shi ya biya wa marayunta kuɗin makaranta shekara da shekaru, ya hana ta faɗa. Masu haƙar kabari su ce yau sun haƙa wa wanda ya koya musu. Har a watse sadakar uku da wuya ka ji an ambaci Tulon ko Indoshin. Abin da ake ta maimaitawa shi ne: Allah ya jiƙan Baba, mutum ne mai amana, unguwa ta yi rashi.

Wannan shaida a baki take, kuma baki yana tafiya da mai shi. Faransa ta adana lambar kowane soja da ranar da aka ɗauke shi a ɗakunan ajiyar takardunta, amma babu ofishin da ya rubuta rijiyar da ya yasa ko auren da ya sasanta. Jikan da ke da waya a aljihu yau zai iya ɗaukar hoton kowane shafi na littafin soja kafin gara ta cinye shi, ya zauna da tsofaffin unguwa ya naɗi muryarsu tun suna da ƙarfin magana.

Maganar kuma ba ta tsaya a kan mazan jiya ba. Rundunar sojan Nijar, wadda aka kafa a 1961, ta tura 'ya'yanta Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha, ta tura su Kodebuwa da Mali aikin kiyaye zaman lafiya, ta kuma daɗe tana fama a Diffa da Tillaberi da dazuzzukan iyakar Madarunfa da Gidan Rumji. A Inatas an rasa soja 71 a Disamba 2019, a Cinagodar 89 a Janairu 2020. Waɗanda suka tsira suna tuɓe kaki suna dawowa Zariya da Tibiri da Jiratawa, wasu da raunin da ake gani, wasu da wanda sai matansu suka sani. Haƙƙinsu a kan hukuma shi ne fansho a kan kari da magani har na abin da ke hana barci. Haƙƙinsu a kan unguwa shi ne a jawo su cikin sha'anin jama'a, a ba su abin riƙo, kada a bar su zaune su kaɗai a ƙofar gida.

Akwai kuma wadda ta riƙe gidan shekarun da ba ya nan, ta yi noma, ta yi daka, ta yi jiran wasiƙar da wani zai karanta mata, sannan bayan rasuwarsa ta shiga yawon ofis-ofis da takardar auren da ba a taɓa rubutawa ba, tana neman rabonta na fansho. Uwargidan soja ita ta san sauran labarin, kuma wurinta za mu nufa a babi na gaba.